Rigar Ruwa a Kan Harami

Akwai ranar aiki guda da har yau ba ta fita daga raina ba, ranar da na yi wa Kyaftin wayo ya kama ni, saura kwana uku a hau Arfa. Ku da kuke karɓar baƙin Allah yanzu a zaune bisa kujera, sanyi yana busa ku, ina so ku saurara da kyau. Ni ban yi makaranta ba, faɗa nake yi ana rubutawa. Abin da idona ya gani shi zan faɗa, wanda aka gaya mini kuma zan ce an gaya mini.

Sunana Zulai. A Sudan aka haife ni, iyayena suna kan hanyar Makka, a can na girma na yi aure, muka ƙetaro Jidda ni da maigidana muka zauna a unguwar Nuzla. Da ya rasu ya bar ni da 'ya'ya, sai na sami aiki a wani kamfani mai wakiltar jiragen ruwan alhazai. A wancan zamani an riga an gina gadar tasha, amma ba kowane jirgi ke samun wuri a jikinta ba. Da yawa can nesa suke jefa anga, kusa da duwatsun da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa, sai a bi su da lanci, wato ƙaramin jirgi mai inji, a riƙa kwaso mutane kashi-kashi. Aikina shi ne in hau babban jirgin in karɓi mata, in jera su, in riƙe hannun tsofaffi a bakin tsani. Da yake ina jin Hausa da Larabci, ina kuma taɓa Fulatanci, sai aikin tafinta ma ya faɗo kaina, har na maza.

Ga yadda tsarin yake. Jirgi ya tsaya, likita ne zai fara hawa, ba mai taɓa tsani sai ya sauko ya ce babu cuta. Daga nan ni da masu kaya mu hau. Mata da yara su fara sauka, sannan maza, kaya a ƙarshe. A bakin gada akwai wani dogon itace da ake ɗaga tuta. In ruwa a kwance yake, babu tuta, kowa ya shiga lanci yadda yake. In iska ta tashi sai a ɗaga jar tuta, kuma muddin tana sama ba mai taka tsani sai da rigar ruwa a jikinsa. Rigar nan farin zane ne mai kauri, an ɗinke wani itace marar nauyi a cikinsa gaba da baya. Ka zira kai ta rami, a zagayo da igiya biyu a ɗaure a ƙirji. Wanda ke cewa a ɗaga tutar ko a sauke ta mutum ɗaya ne, shi ne Kyaftin, shugabanmu a wurin aiki.

Kyaftin Baturen Ingila ne, tsoho, dogo, fatarsa ta ƙone ta yi jajir. Ma'aikata suna ce masa Mai Usur, don ba ya ɗaga murya, usur yake busawa. Yana jin Larabci irin na bakin ruwa, gutsi-gutsi, amma ana gane shi. Mun sha zama a lanci ɗaya muna jiran likita, wani lokaci tun hantsi har azahar, a nan ne na ji tarihinsa kaɗan-kaɗan, don ba mai surutu ba ne sai an yi shiru an ƙyale shi.

Ya ce yana ɗan shekara goma sha uku aka kai shi sojan ruwa. A zamaninsu babu abin da ƙasashe ke tutiya da shi kamar manyan jiragen yaƙi, masu jikin ƙarfe mai kaurin bango, masu igwa da mutum zai iya rarrafawa ta cikin bakinta. Harsashi ɗaya ya fi raƙumi nauyi, kuma ana harba shi ga jirgin da ba a gani sai hayaƙinsa. Mutanen da ke cikin jirgi ɗaya sun kai na ƙaramin gari, da masu burodinsu da masu askinsu. Da farko da kwal jiragen suke tafiya, kuma ranar ɗaukar kwal ba babba ba ƙarami, kowa sai ya koma baƙi ƙirin. Muƙami a wurinsu a bakin hannun riga ake gane shi, da layin zinariya. Mai layi biyu laftanal ne, mai uku kwamanda, mai huɗu kyaftin. Shi a huɗu ya tsaya, bai kai ga na sama ba.

Na taɓa tambayarsa, to yaƙin fa, yaya yake? Ya yi 'yar dariya ya ce shekara da shekaru sun yi suna goge ƙarfe, suna gwajin loda igwa safe da yamma, amma karon da manyan jiragen suka yi da juna a yaƙin duniya na farko, wanda shi ya halarta, yini ɗaya ne bai ma cika ba. Yana rufe a cikin ɗakin igwa, bai ga komai ba, ƙara kawai ya ji. A yaƙi na biyu an ba shi ƙaramin jirgi nasa na kansa, yana rakiyar manyan. Bayan an gama aka ga jirgin sama ya fi ƙarfinsu, sai aka riƙa jan su ɗaya bayan ɗaya ana yanka su ana sayar da ƙarfen. Wanda ya fara aiki a cikinsa ma haka aka yi da shi. Shi kuma aka sallame shi da girma, ya ga zaman gida ba zai yi masa ba, ya zo Jidda yana sauke alhazai.

Ban ce ina ƙaunarsa ba, kuma ban ce ina ƙinsa ba. Ba ya zagi, ba ya wasa, ba ya taɓa mace ko da hannun taimako ne sai ya kira ni. Abin da ya faɗa jiya shi zai faɗa gobe. Mai irin wannan hali ana iya aiki da shi.

To, jirgin da nake ba ku labari shi ne na ƙarshe a wannan shekara. Daga Bur Sudan ya taso, injinsa ya ba da wahala a hanya, ya iso a makare. Mutanen cikinsa yawancinsu namu ne, waɗanda suka yi shekaru suna noman auduga a Sudan suna matsowa kaɗan-kaɗan. Da yake lokaci ya ƙure, babu zancen fara zuwa Madina, duk sun yi wanka sun ɗaura harami tun cikin jirgi. Da gari ya waye kuma iskar arewa ta taso, jar tuta ta hau. Mai tuƙin babban jirgin ya aiko cewa angarsa tana ja, ba zai kai faɗuwar rana a kusa da duwatsun nan ba, zai fita tsakiyar teku ya jira iska ta kwanta. Mu kuwa mun san wannan iska, in ta fara takan yi kwana uku. Ma'ana, wanda bai sauka ba kafin la'asar ta yi sanyi, Arfa ta wuce shi.

Duk shekarun da na yi, ban taɓa haɗa jar tuta da harami a rana ɗaya ba. Shi ya sa ban hango abin da ke tafe ba.

Mata ba su ba ni wahala ba, tunda mace da kayanta ɗinkakku take harami. Na zira musu riguna na ɗaɗɗaure, ana addu'a ana salati, tun da hantsi duk sun sauka, ban da wata tsohuwa guda, Iya Dije. Ta sa rigar, ta nemi buhu ta zauna, ta ce ƙafarta ƙafar mijinta. Mijin shi ne Malam Buba, jagoran ayarin, wani siririn dattijo mai farin gemu, wanda maza duka suke kallon bakinsa.

Da aka zo kan maza, na ɗaga riga zan miƙa wa na gaba, sai Malam Buba ya ɗaga hannu.

"Baiwar Allah, wannan ɗinkakke ne?"

"Ɗinkakke ne, Malam."

"Kuma zira kai ake yi, a ɗaure a jiki?"

"Haka ne."

"To mu muna cikin harami."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Amma kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama wani abu dabam. Na ji wani yana gaya wa na bayansa cewa duk wanda ya sa rigar Nasara hajjinsa ya ɓaci, sai ya koma gida ya sake fitowa. Wani ƙato mai tsagen Gobirawa ya ce shi dai gara ya nutse da haraminsa ya tashi yana Labbaika. Maza suka ja da baya suka zazzauna.

A nan na yi kuskurena na farko. Rayis Hamidu, mai tuƙin lanci, Bahaushen Sudan ne kamata, ya ɗago kai daga ƙasa ya ce, "Yaya Zulai, me zan gaya wa Mai Usur?" Na ce ya ce masa tsoron ruwa suke ji, ina lallashinsu. Na yi haka ne don a ganina wanda ba Musulmi ba ba zai gane harami ba, kuma ban so a yi wa addininmu kallon abin da ke hana aiki. Rayis ya tafi ya dawo. Azahar ta yi, ba wanda ya motsa.

Sai na yi na biyu, wanda ya fi muni. Na tuna ana yafa zane a kafaɗa cikin harami ba laifi. Na je na durƙusa gefen Malam na ce, in ba a zira kai ba, ba a ɗaure ba, an dai ɗora ta a kafaɗa kamar mayafi fa? Ya ce wannan da sauƙi. Na leƙa ƙasa na gaya wa Rayis. Ya riƙe baki.

"Yaya, kin san mutumin nan da madubin hangensa."

"Fari a kan fari ne. Daga gada me zai gani?"

"Wallahi in ya kore ni, gidanki zan tare da 'ya'yana."

"Yalla, yi maza, Hamidu, rana tana tafiya."

Aka cika lanci da maza, kowa da riga a ɗore a kafaɗa ɗaya. Na tsaya a bakin tsani ina kallonsu suna hawa suna sauka bisa igiyar ruwa. Ba su yi rabin hanya ba na ga lancin Kyaftin ya baro gada a guje. Ya sha gabansu. Iska ta kawo mini usur sau uku. Rayis ya juya kan lanci, ya dawo da mutanen nan gindin tsanin da suka baro, suka hauro ɗaya bayan ɗaya, jiƙe, suna harara ta. Daga baya na ji abin da ya tona mu: igiyoyin rigunan ne, da ba a ɗaure ba, suke ta kaɗawa a iska.

Kyaftin bai saba hawa jirgi ba, gwiwarsa ɗaya ba ta lanƙwasuwa sosai. Ranar nan ya hauro, da rigar ruwansa a ɗaure, yana jan ƙafa mataki-mataki. Da ya iso sama ya tsaya ya huta, sannan ya dube ni.

"Hajja, wa ya ce a yi haka?"

"Ni ce."

"Ba Rayis ba?"

"Ya hana ni, na fi ƙarfinsa."

"Kin aiko mini cewa tsoro suke ji. Mai tsoron ruwa ba ya ƙin riga, biyu yake nema. Mene ne gaskiyar?"

Kunya ta rufe ni a gaban mazan nan. Na gaya masa. Na ce namiji in ya ɗaura waɗannan zannuwa biyu, ba ya sa ɗinkakken abu, ba ya rufe kai, ba ya ɗaura abin da zai kewaye jikinsa, har sai ya gama. Ya saurara bai katse ni ba. Ya ce shekarunsa nawa yana ganin mutane cikin fararen zannuwa, ya san ba sa sa hula, amma ba wanda ya taɓa gaya masa zancen ɗinki. Ya dubi rana, ya dubi agogonsa, ya ce, "Da kin faɗa da safe, da muna da yini guda. Yanzu muna da kaɗan. Ina babbansu?"

Na kai shi gaban Malam Buba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya nemi akwati ya zauna don kada ya tsaya a kan dattijon. Malam ya fara magana, ina juyawa. Ya ce su riƙe rigar a hannu mana, in wani abu ya faru ai tana hannunsu.

Kyaftin ya girgiza kai. Sai ya faɗi abin da duk zamanmu bai taɓa faɗa mini ba, a hankali, yana tsayawa ina juyawa. Ya ce a yaƙi na biyu jiragen sama sun nutsar da wani babban jirgi da yake rakiya, da rana tsaka, ruwa ma ba sanyi. Shi aka bar wa tsamo mutane. Ya ce waɗanda suka ɗaure rigarsu ya same su a sama, har waɗanda suka suma. Waɗanda suka riƙe ta a hannu, ko suka rungumi katako, yana kallonsu yana matsowa, yana yi musu ihu su ƙara haƙuri kaɗan, sai ya ga hannu ya buɗe da kansa. Ya ce samari ne ƙarfafa da suka iya iyo, ba tsofaffin da suka kwana biyu suna amai a jirgi ba. "Hannu yana gajiya, igiya ba ta gajiya," in ji shi. "Ba zan sauke tuta ba alhali iska tana nan, kuma ba zan sa mutum a lanci ba a ɗaure ba. Amma ina da tambaya. In ya sa rigar, hajjinsa ya lalace ke nan? Ya faɗa mini gaskiya. In ya lalace, ba zan ƙara roƙonsa ba."

Na juya wa Malam tambayar. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya yi ƙasa da murya, yadda ni kaɗai zan ji, ya ce, "Bai lalace ba. Lalura ce. Fansa ce a kansa, ya yi azumi uku, ko ya ciyar da miskinai shida, ko ya yi yanka. Amma ni shekara goma sha ɗaya ina hanya. Ban yi wannan tafiya don in fara da faci ba."

Na gaya wa Kyaftin da Larabci. Daga nan na miƙe tsaye, na juya wajen mazan, na ɗaga murya yadda na can ƙarshe zai ji duk da iska. Na ce, "Jama'a, Malam ya ce hajji ba ya ɓaci da wannan riga. Lalura ce. Wanda ya sa, azumi uku ne a kansa, ko ciyarwa, ko yanka. Wanda bai sauka yau ba kuwa, Arfa sai baɗi."

Malam ya ɗago a fusace. "Wa ya aike ki?"

"Malam, ni tafinta ce. Abin da aka faɗa nake juyawa."

"Da ke na yi magana."

"Da ni ka yi, amma hajjinsu ne. Tun safe suna zaune a kan cewa zai ɓaci, kana ji, ba ka ce musu a'a ba. In na yi ƙarya ka ƙaryata ni yanzu a gabansu."

Ban san inda na sami wannan bakin ba, ni da ko alif ban sani ba, a gaban mai littattafai a gafaka. Mai tsagen Gobirawa ya ce, "Malam, haka ne?" Malam ya kau da kai, ya ce, "Haka ne." Mutumin ya tashi ya kakkaɓe zanensa ya ce, "To azumi uku ai ko a gona na sha yin sa ba niyya. Hajiya, kawo rigar."

Daga nan aiki ya koma aiki. Ni da masu kaya muna zirawa muna ɗaurewa, Kyaftin yana tsaye a bakin tsani, duk wanda zai wuce sai ya sa yatsa ya ja ƙullin. Wanda bai yi masa ba ya mayar da shi wurina. Lanci biyu suna kai da kawo. Wasu suna kuka a lokacin da ake ɗaure su, ba na ɓoye muku, don abin da mutum ya tsare da zuciya ɗaya ba ya sakinsa da daɗi, ko da an ce masa ya halatta. Ban yi wa kowa tsawa ba a wannan layi.

La'asar ta yi, aka fara jin ƙarar sarƙar anga ana gwada ta. Jirgi ya zama fayau, saura Malam Buba a kan buzunsa da Iya Dije a kan buhunta. Kyaftin ya koma kan akwatin ya zauna, hula a gwiwa. Rayis yana ta kira daga ƙasa. Ni kuwa na riga na ƙona hanyata a wurin Malam.

Iya Dije ce ta tashi, da ƙyar, rigar ruwa ta tokare mata haɓa. Ta ɗauki ɗaya daga tarin ta tsaya a gabansa.

"Malam, tun daga Katagum nake bin bayanka. Na binne 'ya'ya biyu a hanya ban ce mu koma ba. Ga Jidda can ina ganin farin gininta. In ka ce mu zauna, mu zauna, ka san ba zan sauka in bar ka ba. Amma ranar da aka tambaye ni ina Arfata, kai zan nuna."

"Ke ma kin bi bayansu?"

"Ni bayanka nake, shi ya sa har yanzu nake nan kamar tulu a cikin wannan abu. Sunkuyo da kanka. Azumin ma tare za mu yi, tunda ko na dafa ba ka iya ci kai kaɗai."

Ya dube ta, ya dubi garin. Ya yi bisimilla ya sunkuyar da kai. Ita ta zira masa, ita ta ɗaure. Kyaftin ya miƙa yatsa zai ja ƙullin yadda ya yi wa kowa, sai ya tsaya, ya dube ni. Na ja da kaina na ce masa ƙullin ya yi. Muka sauka, Iya a gaba, Malam, ni, Kyaftin a ƙarshe.

Ruwa ya wujijjiga mu sosai a hanya, amma ba abin da ya faru. A yinin nan kaf ba wanda ya faɗa ruwa, ko takalmi ba a rasa ba. Da muka taka gada, Malam bai jira kowa ba ya kwance rigar ya ajiye ta a gaban Kyaftin, ya ce da ni, "Gaya masa ga abinsa. Ko santsi ban yi ba. Ya sa ni azumi uku a banza."

Na yi jinkiri, Kyaftin ya ce in juya masa yadda aka faɗa. Na juya. Ya ɗauki rigar ya naɗe igiyoyinta, ya ce, "Gaya masa na gode. Gaya masa haka nake so a ce mini kowace rana, a banza."

Malam ya juya. Ya kama hanyar motocin Makka, Iya Dije tana biye da shi da buta. Ban sake ganinsu ba.

Na kwana da shirin kora, ba a kore ni ba. Washegari Kyaftin ya kira ni ya ce in zauna in lissafa masa duk abin da mai harami ba ya yi, yana rubutawa a ɗan littafinsa, har da yanke farce da shafa turare. Da muka gama ya ce, "Hajja, nan gaba ki kawo mini dalili, ko kina ganin ba zan gane ba. Ganewa aikina ne." Tun daga shekarar, duk ranar da jar tuta ta hau a lokacin alhazai, sai an ɗauki malami daga gari a lancin farko, ya yi wa maza bayani kafin a fito da riga ko ɗaya. Ya ƙara shekaru kaɗan tare da mu, gwiwar ta matsa masa, ya koma ƙasarsu.

Abin da nake so ku ɗauka, ku masu aikin yanzu, ga shi. Mai tsayawa tsakanin mutane biyu da ba sa jin harshen juna, ba shi da ikon rage magana don ya kare wani daga jin kunya. Na rage sau ɗaya da safe, ya kusa cin Arfar mutane masu yawa. Kada kuma ku raina abin da baƙo ya tsare, ko kun ga kamar taurin kai ne, ku tambaye shi iyakarsa, sau da yawa akwai ƙofa a ciki wadda shi ya sani. Sannan kada ku jira godiya a kan ƙa'ida. Ranar da ta yi aikinta sosai, ba abin da zai faru, kowa zai wuce yana ƙunƙuni cewa kun ɓata masa lokaci. In kun ji haka, ku ɗaure wa na bayansa.